Injin masu kati: abin da na gani a shekara uku ina kai musu shinkafa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar gumin shinkafa a cikin gida, a wani ƙauye na ƙasar Kura, kuma a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal ƙafata ta taka bakin injin casa. Ba ni kaɗai ba ce. Yawancin matan da ke wannan sana'a haka muke. Mu ne masu wankewa, mu jiƙa ta kwana a ruwan zafi, mu tashi da asuba mu turara har bakin ƙwaya ya buɗe, mu baza a tamfol muna juyawa muna korar kaji da awaki. Amma da zarar an ɗinke bakin buhu an ɗora a amalanke, shinkafa ta fita daga idonmu. Yaro ne zai raka ta, yaro ne zai dawo da ita, abin da ya faɗa kuma shi ne labari.

Matan zaurenmu na WhatsApp sun sha tambayata inda nake kai casa, da dalilin da ya sa nake wuce injina biyu da ke kusa da mu in biya kuɗin dako zuwa bakin titin Kano zuwa Zariya. Ba zan kama sunan mai wurin ba don ban nemi izininsa ba, amma mutanen yankinmu suna ce masa injin masu kati.

Sai na fara da abin da ya kore ni daga inda nake kaiwa a da. A kakar 2021 na aika buhu tara na Faro 44, wadda manoma ke kira sifi, doguwar ƙwaya, na yi mata gumi mai kyau ta fito garau. Babban yarona ne ya raka, lokacin yana da shekara goma sha uku. Da magariba aka sauke kaya, ina kwance bakin buhu na ga biyu a ciki ba tawa ba ce. Gajeriyar ƙwaya, ta yi duhu, tana ɗan tsami irin na wadda ta daɗe a ruwa. Sauran kuma da na auna da tiya sai na ga ba su kai yadda na saba samu ba. Na tsare yaron nan da tambaya. Ya ce, "Umma, wallahi ina wurin, sallar la'asar kawai na je." Ban yarda ba. Na ce ya tafi ƙwallo ya bar mini dukiya, har na kai ga cewa ko ya ɗiba ya sayar ne. Ya kwana bai ci tuwo ba.

Washegari maigidana, Malam, ya je wurin mai injin. Mutumin ya ce abin da aka kawo shi aka casa, kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Malam ya ce ba ta kai ga haka ba, ya juyo. Har yau ban ce mutumin nan ɓarawo ba ne. Buhuna ne jibge fiye da ɗari, duk farare, duk iri ɗaya, alamar kowa ba ta wuce ɗan zanen gawayi da ke gogewa da an ja buhu a ƙasa ba. Shi kansa bai san na wane ne ya shiga na wane ba. Asarar kuɗin na manta da ita tuni. Abin da na faɗa wa ɗana ne ban manta ba.

Wata abokiyar sana'a ce ta ce in gwada masu kati. Ranar farko na roƙi Malam ya kai ni da kaina, don in ga abin da ake faɗa.

Kana isa, kafin a sauke buhu a cikin rumfa, sai ya hau sikeli a bakin ƙofa. Sikelin a fili yake, fuskarsa tana kallon mai kaya, ba ma'aikaci ba. Wani saurayi da suke kira malamin littafi yana zaune a kan benci da teburi, yana faɗin nauyin da ƙarfi kafin ya rubuta. Daga nan sai ya soka wata 'yar na'ura mai gwada danshi a cikin buhu biyu ko uku, ya rubuta abin da ta nuna. Kowane mai kaya ana ba shi lamba. Lambar tana jikin wasu katuna na roba da aka huda aka sa wa igiya. Ana ɗaura ɗaya a kunnen kowane buhu, a ba mai kaya ɗaya ya riƙe. Ni ranar lamba 37 na samu, buhuna shida duk suka ɗauki 37.

Rasit ɗinsu falle uku ne da kabon a tsakani. Fari na mai kaya, ɗorawa yana bin buhuna zuwa wurin mai tuƙa inji, na ƙarshe yana zama a jikin littafi. Abin da ke ciki: kwanan wata, sunan mai kaya da ƙauyensa, sunan wanda aka aiko, irin shinkafa, yawan buhu, nauyin kowanne, danshi, kuɗin casa, an biya ko ba a biya ba. Bayan an gama, sai a sake hawa sikeli, a cike ƙasan takardar: tsabar shinkafa kilo kaza, karyayya kilo kaza, dusa kilo kaza. Wanda aka aiko ya sa hannu, in bai iya ba ya dangwala yatsa.

Wani zai ce mene ne abin yabo a nan, ai takarda ce kawai. Wanda ke zuwa injin da kansa ne zai faɗi haka. Ni da nake cikin gida, wannan farin fallen shi ne ya tsaya a madadina a bakin sikeli. Ga wani da ke gabana yanzu: buhu shida, nauyinsu 78, 80, 76, 79, 81, 78, jimla kilo 472. Tsaba ta fito 298, karyayya 14, dusa 41. Sauran buntu ne da dutse da ƙura. Ba sai na tsare kowa da tambaya ba. In na ga abin da ya ɗaure mini kai, lamba kawai zan faɗa a waya, su buɗe nasu fallen mu karanta tare.

Injinsu irin mai roba ne, wanda ke fitar da buntu daban, dusa daban, ba kamar tsofaffin injinan ƙarfe da ke haɗe su wuri ɗaya suna kakkarya ƙwaya ba. Suna da na tsince dutse ma, ko da yake ba ya tsincewa tas. Nakan sa yara su sake bi kafin in ɗinke wa masu saye na birni. Maganar dusa kuwa a rubuce take a jikin bango da fenti, da Hausa: dusa ta mai kaya ce, in yana so ya tafi da ita, in ba ya so a auna a saya a hannunsa. A da ban taɓa sanin ina da haƙƙi a kanta ba. Yanzu ita tumakina ke ci.

Ba kullum muke shan inuwa ɗaya da su ba. Akwai ranar da yaro ya dawo mini da buhu shida cif ba a casa ba, da 'yar takarda an rubuta: danshi 17, a ƙara shanya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake gane bushewar shinkafa da haƙori, in ciza in ji ta ce ƙas, yau wata na'ura ce za ta koya mini? Ga kuɗin dako zuwa da dawowa ya tafi a banza. Na kira mai wurin.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Ta sama ta bushe, ta tsakiyar buhu ce da saura. Mu 14 muke nema. In kin ce a casa a haka za mu casa, amma zan sa a rubuta a takarda cewa mun ba da shawara, ke kika ce a yi."

Na ce, "Alhaji, wato ka wanke kanka ke nan."

Ya ce, "Ba wanke kai ba ne. Gobe in ta yi fumfuna a sito, ko ta dame a inji, kada ki zargi yaronki, kada ki zarge mu. Kowa ya san inda maganar ta tsaya."

Da ya ambaci yaro sai na yi shiru. Na kwance buhunan na tura hannu har gwiwar hannu, na ji sanyi-sanyi a ciki. Ranar da na kwashe ta hadari ne ya taso, na yi gaggawa. Na ƙara mata yini guda a rana da rabin yini a inuwa, ta casu lafiya.

Su ma suna kuskure, kada a ɗauka mala'iku ne. Bara da rani an kawo mini kaya buhu ɗaya babu. Takarda ta ce biyar, amalanke ya sauke huɗu. Na kira, malamin littafi ya ce in ba shi zuwa isha. Ya bi littafi ya ga waɗanda aka sallama kafin ni da bayana, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, aka sami buhun a wani gari wajen Garun Malam, katin lambata yana rataye a kunnensa, masu dako ne suka haɗa shi da kayan wani. Da safe aka kawo mini har ƙofar gida, su suka biya kuɗin mota. Irin abin da ya faru a 2021 ne sak, amma wannan karon ba wanda ya yi rantsuwa, ba wanda ya kwana da yunwa.

Daga baya na ji dalilin da ya sa mai wurin ya ɗauki wannan hanya, daga bakin matarsa da muka haɗu a wani suna. Injin na mahaifinsa ne. Tsohon mutumin kirki ne, duk lissafinsa a ka yake, kuma ba ya mantuwa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, lissafin ya bi shi kabari. Aka zo rabon gado, sai ga masu cewa suna bin marigayi bashi sun yi layi: mai man dizal, mai buhuna, manoman da suka ce sun ajiye shanshera a sitonsa. Waɗanda marigayin ke bi kuwa, ƙalilan ne suka kawo kansu. 'Ya'yan suka biya duk wanda ya zo, don ba wanda zai so bashi ya tsare mahaifinsa, har sai da aka sayar da gona. Tun daga nan ɗan ya ce ko allura ce ta shiga injin nan sai an rubuta.

Wannan labari ya taɓa ni ta wani wajen. Ina koyar da matan aure a Islamiyya da yamma. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka: a rubuta, a sa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne. Na karantar da ita ba sau ɗaya ba. Amma a garinmu in ka ce wa mutum zo mu rubuta, sai ya ce ba ka yarda da shi ba, kai ma sai kunya ta kama ka. Mun mayar da rubutu abin da ake yi da baƙo, alhali rigimar da ta fi zafi tsakanin 'yan uwa take tashi, inda aka ce ai mu ɗaya ne.

Amfanin littafinsu ya fi fitowa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Masu sayen shinkafata ba su da tsaba, ni ma ba ni da ita. Wasu injina suka ce ba tsabar kuɗi ba casa. Masu kati suka buɗe littafi, suka duba waɗanda suka saba biya a kan kari, suka ce a ci gaba da yi musu aiki bashi zuwa wani adadi. Ina cikinsu. Ba don sun san Malam ba, ba don wani ya tsaya mini ba. Shafina ne ya yi magana. Wanda zai tura ta waya kuma, asusun da sunan injin yake, ba da sunan wani yaro ba, domin sun yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, takardar tana rataye cikin gilashi a bayan malamin littafi. A kwanakin nan kuɗi kan maƙale a hanya. Sai su rubuta lokacin da ka tura da sunan bankinka, su sallame ka, in ya shigo su soke.

To, ga inda nake da ƙorafi, kuma na faɗa musu wasu a waya.

Suna da jinkiri. Awo, gwaji, rubutu, ɗaura kati, duk lokaci suke ci. A tsakiyar kaka, ko lokacin da shinkafar rani ta masu ban ruwan Tiga ta shigo, yaro kan tafi da hantsi bai dawo ba sai bayan isha. Layi kuma ba a tsallake shi ko kai waye, wanda na yaba, sai dai akwai ranar da wata tsohuwa sa'ar surukata ta zo da rabin buhu na ci a gida ta yini a rana tana jiran masu buhu talatin. Wannan bai yi mini daɗi ba. Ƙa'idar da aka rubuta ai ana iya ƙara mata layi ɗaya: mai ƙasa da buhu guda, ko tsoho, a ware masa sa'a ɗaya da safe. Kuma su kafa rumfa ta masu jira, da randa.

Kuɗinsu ya ɗara na maƙwabta. A kai na ƙarshe bambancin naira 300 ne a kan kowane buhu, ga dako. Duk sanda dizal ya tashi, kamar yadda ya yi ta yi a 'yan shekarun nan, su ma sukan ƙara, amma suna manna sanarwa mako guda kafin ranar. Ni da na lissafa da dusar da nake karɓa da raguwar karyayya, ban faɗi ba. Mai casa ɗan abin tuwo kuwa, gara ya tsaya a injin unguwarsu.

Kanun rasit ɗin da Turanci aka buga su. Wannan kuskure ne babba. Yawancin masu kai musu kaya mata ne da manoma, da yawansu Hausar boko ko ajami suke karantawa. Wata maƙwabciyata sai ta aiko mini da takardarta in karanta mata, ka ga ke nan idon nata bai gama buɗewa ba. Wanda ya iya rubuta maganar dusa da Hausa a bango ai zai iya buga rasit da Hausa.

Abin da ya fi damuna shi ne duk tsarin a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Ranar da malamin littafi ya kwanta zazzaɓi, wanda ya zauna a wurinsa ya bar gurbin danshi da na dusa fayau, lambobin ma suka sarƙe. In ba a koya wa mutum na biyu da na uku ba, kuma ba a rubuta musu matakan a manna a gaban teburi ba, to an koma gidan jiya: lissafi ya bar kan uba ya koma kan ma'aikaci. Sannan tsofaffin littattafan a ɗaki ɗaya suke da jarkokin mai, ga tsibin buntu a bayan katanga. Allah ya kiyaye gobara. Ɗaukar hoton kowane shafi da waya kafin a tashi aiki ba zai ci minti biyar ba. Littafin bashi kuma bai kamata ya zauna a buɗe a kan teburi kowa na leƙawa ba. Sirrin mutane ne a ciki.

Farin fallen nan nakan soke su a jikin wata waya da na lanƙwasa na rataya a bayan ƙofa. Da suka taru, wata rana na zauna na jera su, sai na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Buhun da ake ce mana na kilo 100 ne, a sikeli tsakanin 76 da 82 yake tsayawa. Shansherar wani manomi da nake saye kai tsaye kullum tana ba ni tsaba fiye da ta wani dillali da na daɗe ina hulɗa da shi, alhali kuɗinsu ɗaya. Tasa akwai ƙaiƙayi da ƙasa da yawa. Ban yi faɗa da shi ba, na rage saye ne kawai.

Daga nan na sayi littafin makaranta mai falle 60 na fara nawa. Hagu abin da ya fita: shanshera, itace, ruwa, ladan masu taya ni juyawa, dako, casa, buhu da zare. Dama abin da ya shigo. Bayan littafin kuma masu karɓa bashi, da ranar da suka ce za su biya. Wata uku da farawa na gane cewa kuɗin cefanen da nake zara kullum daga cikin ciniki ba riba nake ci ba, uwar kuɗi nake gutsura. Na yanka wa kaina abin da zan riƙa ɗauka duk Juma'a, na tsaya a kansa. Da shekara ta zagayo, a karon farko na fitar da zakkar kasuwancina, ɗaya cikin arba'in, da lissafi ba da kintace ba. Malam ya duba littafin ya ce in rubuta a bangon farko inda jarin ya fito da wanda nake riƙe wa kuɗin adashi, saboda halin rai. Na rubuta.

Mai son zuwa, ya tura kaya da sassafe, ya guji ranar da ta biyo bayan kasuwa. Ya tabbata shinkafa ta huce daga zafin rana kafin a ɗura ta a buhu. Ya gaya wa ɗan aike kada ya sa hannu sai ya ga sikeli da idonsa, kuma kada ya miƙa katin hannunsa sai an ƙirga buhuna a kan amalanke.

Yaron nawa yanzu shekararsa goma sha bakwai, har yau shi ke rakiya. Talatar da ta wuce ya shigo da la'asar sakaliya, bai ko sha ruwa ba ya miƙo mini takarda yana nuna wani wuri da aka soke aka sake rubutawa. Ya ce, "Umma, 79 sikeli ya nuna, shi kuma ya rubuta 76. Na ce ya gyara a duka falle ukun, ya sa hannu a gefe." Na duba, ga sa hannun malamin littafi, ga nasa a ƙasa. Na soke ta a jikin wayar bayan ƙofa tare da sauran, na ce ya je ga abincinsa can a rufe.